Minti Ukun Don Cipriano

Cipriano Ledesma bai taɓa zama a kujerar motarmu ba sai da ƙafarsa ta shanye. Shekara ashirin da huɗu muna shiga bas ɗaya da shi, Litinin zuwa Juma'a, kuma duk tsawon shekarun nan wurinsa ɗaya ne: bakin ƙofa, a tsaye, hannu ɗaya a jikin ƙarfe, ɗayan riƙe da ƙullin abincin rana. Wanda ya shiga ƙarshe ai ba ya samun kujera.

Motar tamu ba wata doguwar tafiya take yi ba. Takan kwashi mutane a tashar jirgin ƙasa ta Villa Ombú, ta zube su a tashar Empalme Soria, inda ɗaya layin dogon ya ratsa. Jiragen biyu ba sa haɗuwa sai can cikin birni, don haka mu da aikinmu yake a gefe, ba mu da wata hanya sai ita. Asabar da Lahadi ba ta fitowa. Kamfani ya san ba don zumunci ake shigarta ba.

Jirginmu yakan iso Villa Ombú ƙarfe shida da minti biyu. Motar ta tashi shida da biyar. Jirgin Soria kuwa shida da arba'in da ɗaya yake ja, ba ya jiran ko limamin coci. Wanda mota ta bari, sai ta bakwai saura kwata, kuma ta nan ya makara aiki da awa guda cur. Tsakanin jirgi da mota akwai gadar sama, matakala arba'in da biyu hawa, arba'in da biyu sauka. Saurayi yakan ƙetare ta kafin ka ɗaura takalmi. Mace mai tsohon ciki ko mai ciwon gwiwa, minti uku ba sa isarta.

Cipriano mutumin wani lardi mai nisa ne, Santiago del Estero, gajere, mai faɗin kafaɗa. Ya zo nan yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya kama aiki a wata majema, kuma warin fata bai sake barin hannunsa ba ko da ya yi wanka da sabulun matarsa Delfina. Ya taɓa gaya mini cewa a makonsa na farko mota ta rufe masa ƙofa tafin hannunsa yana kan gilashi, mutanen ciki suna kallonsa kamar saniya a bayan shinge. Bai ƙara komai a kan labarin ba. Ni ma ban tambaya ba. Sunana Eusebio, amma a motar Bebe suke kirana saboda rashin maganata.

Ga yadda yake yi. Shi ne na farkon sauka daga gada, amma sai ya koma ƙarshen layi, duk wanda ya zo ya ce masa wuce. In layi ya ƙare, sai ya ɗora ƙafar hagu a matakalar mota, ta dama a ƙasa, ya shiga laluben aljihu. Doka ce kowane direba ya sani: ba a rufe ƙofa a kan mutumin da ƙafarsa ke kan matakala, bai kuma biya ba. Da zarar ka biya, ka zama na ciki, direba ya rufe abinsa. To Cipriano ba ya biya sai na ƙarshen gada ya iso.

Direbanmu a lokacin Bertolini ne, wanda kowa ke ce wa Tano, mai gashin baki kamar tsintsiya da murya kamar ta mai tallan kifi.

"Ledesma! Ka shigo ko ka sauka, nan ba zauren surukanka ba ne!"

"Ina zuwa, Tano. Aljihun nan Delfina ta ɗinka shi da zurfi."

"Kullum zurfi? Ka ce rijiya ta haƙa maka a wando."

"To ka san mata, gudun kada kuɗi su gudu."

"Kuɗin wa? Kai da kuɗi ko a mafarki ba ku gaisa ba!"

Duk wasa ne. Tano ya san abin da ake yi, zagin kuma don ya samu abin faɗa wa sufeto ne: fasinja ne ya tsaya biya, ni ya zan yi. Da aka kawo na'urar zuba kwandala, Cipriano ya ɗauki kwandala guda ya ɗora a kan dogo jirgi ya taka ta, ta baje kamar ganye. Sai ya zura ta, na'ura ta tofo ta, ya goge a riga, ya hura mata iska, ya sake zurawa, ta sake tofowa. Yana girgiza kai yana cewa, "Tir, na'urar nan ba ta son talaka." Da aka koma biya da kati, ya koma laluben aljihu, amma kwandalar bai jefar ba.

Ni kuma nawa aikin ƙarami ne. Kujerata tana baya, gefen tagar da ke kallon gindin gada. In na ƙarshe ya taka ƙasa, sai in ɗaga hulata. Ya gani, ya biya, mu tafi.

Mutane sun ɗauka tausayi ne kawai. Ba tausayi kawai ba ne, aiki ne mai awo. Tafiyar rabin awa ce, shingen dogo na unguwar masu bulo yakan ci minti biyu, saura uku. Ukun nan su ne nasa, bai taɓa ƙetare su da gangan ba. In sun cika, ko da mutum a tsakiyar gada, sai ya janye ƙafa ya shigo fuska a murtuke, ya ce, "Jirgin Soria ma na mutane ne." A shekara ashirin da huɗu sau biyu muka rasa jirgin saboda shi. Sau biyun nan kuwa har yau akwai masu iya gaya maka ranakunsu.

Ɗaya daga cikinsu Barrios ne, masinjan wani banki, mai ɗaura taye har cikin zafin Janairu, tsakiyar bazararmu. Ba ya fashin ƙorafi. "Ga waliyyin matakala ya fara. Mu za a kora daga aiki, shi a gina masa mutum-mutumi." Amma a shekarar da aka yi masa aikin basir, mako shida yana sauko gadar nan ƙafa a bubbuɗe kamar agwagwa, kuma mota ba ta bar shi ko sau ɗaya ba.

Sai Doña Nélida Farías, mai dafa abinci a wata makarantar firamare. (A wurinmu Doña ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Don.) Ita ce ta fi kowa cin moriyar ƙafar nan. Da cikin tagwayenta aka jira ta, bayan nan jijiyoyin ƙafarta suka kumbura aka ci gaba da jiranta, har likita ya gyara su. Takan iso tana haki, ta dafa kafaɗarsa ta hau.

"Don Cipriano, kujerarka a aljanna gefen taga take."

"A bar ni a bakin ƙofa, Doña. Kar su rufe kina kan gada."

Tano ya yi ritaya. Aka kawo Lautaro, mutum mai ladabi, mai 'ya'ya uku, tare da wani ƙaramin allo a gaban sitiyari wanda ke komawa ja in mota ta makara. Duk mintin da ya yi ja, daga hutun direba ake cire shi. Duk da haka Lautaro yakan kau da kai, don ya tarar da abin kafin ya zo. Sai dai ba ya wasan zagi. Shiru yake yi yana kallon allon, shirun kuma ya fi zagin Tano nauyi.

A watan Maris na shekarar da nake magana, Cipriano ya faɗi a majema, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannu ya dawo, baki ya dawo, ƙafa ta ƙi. Ya koma aiki a watan Mayu yana jan ta kamar buhun da ba nasa ba. Ba son aikin ne ya dawo da shi ba. Shekarunsa na farko a majema ba a rubuta su a takarda ba, don haka saura wata bakwai ya cika shekarun da ake nema kafin a ba mutum fansho. Shugaban sashensu kuma, wanda da ma neman hanyar rabuwa da gurgu yake, ya gaya masa a gaban mutane: makara uku, ka tattara naka. Wa zai ɗauki ɗan shekara sittin da huɗu mai jan ƙafa?

Ranar da ya dawo, a cikin jirgi aka yi ta rungumarsa. Doña Nélida har da hawaye. Jirgi ya tsaya, ƙofofi suka buɗe, kowa ya zura da gudu kamar yadda ya saba. Ban ce mugunta ba ce. Wata biyu ba ya nan, ƙafafu sun koyi sauri, kuma kowa ya ɗauka wani zai tsaya. Ina zaune a tagata na gan shi bai ma gama hawa gadar ba, mota ta tashi. Makara ta ɗaya ke nan.

Washegari a jirgi ya zauna kusa da ni.

"Bebe, yau kai ne."

"Ni? Ban iya ba, Cipriano."

"Ba abin iyawa. Ƙafa ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Kar ka taɓa kati. Kar ka kalli fuskar kowa, aljihunka za ka kalla. Za su yi haushi, ba sa cizo."

Na yi yadda ya ce. Na koma ƙarshen layi, na ɗora ƙafa, na sa hannu a aljihu. Ashe daga matakala motar daban take. Idanu hamsin ne a kanka, duk na mutanen da ka sani.

Barrios ya fara. "Shi ke nan, an yi wa waliyyi magaji! Bebe, katin yana hannunka, ina hango shi daga nan."

Wani daga baya ya ce, "Kaka, in ba ka da aiki mu muna da shi!"

Na duba gada. Ya fara saukowa, hannu biyu a jikin ƙarfe, mataki ɗaya, ya jawo ƙafa, mataki ɗaya. Na ɗaga ido, abin da ya ce kar in yi, sai na ga Doña Nélida. Agogon hannunta kawai ta duba, ta sake dubawa.

Lautaro ya ce a hankali, "Don Eusebio, don Allah. Ka ga ya yi ja. Jiya ko ruwa ban sha ba tsakanin zuwa da dawowa."

Ban yanke shawarar komai ba. Hannuna ne ya yi abin da yake yi kowace safiya, ya kai kati jikin na'ura. Ta yi ƙara, ƙofa ta rufe a bayana. Saura masa matakala goma sha ɗaya, na ƙirga ta gilashi. Daga baya na auna, ko minti ɗaya da rabi ban yi ba. Makara ta biyu ke nan, har da takardar gargaɗi.

Bai yi mini faɗa ba. Bai kuma sake roƙon kowa ba. Sai ya koma shiga jirgin biyar da minti biyar, ya ƙetare gadarsa shi kaɗai a tsanake, ya tsaya a bakin titi kusan awa guda, don motar shida da biyar ita ce ta farko. Wurin ba rumfa. Sanyin Yuli, tsakiyar hunturunmu, a Villa Ombú kuwa daga kogi yake tasowa, ya shiga ƙashi. Mukan sauko mu same shi a kan layi, na ɗaya, bargo a kafaɗa, yana zuƙar mate, shayin ganyen da muke sha da bututu, wanda ya daɗe da hucewa, leɓe ya yi shuɗi. Ƙofa na buɗewa ya hau, ya manna kati, ya zauna a kujerar farko, ya juya fuska ga taga.

Wata safiya wata yarinya mai aikin shago ta hango mahaifiyarta a kan gada, ta yi ihu daga cikin mota kamar yadda ta ji ana yi tun tana ƙarama: "Don Cipriano, ƙafa!"

Bai ko waiwayo ba. "Ƙafar ta mutu, 'yata."

Aka bar uwar. Daga ranar aka fara cewa ciwo ya ɓata masa hali. Doña Nélida ta ce mini, "Allah sarki, mutum mai kirki ya zama dutse." Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai na ga wanda ya faɗi, aka bi ta kansa aka hau mota.

Ya yi tari watan Agusta gaba ɗaya, bai yi fashi ba. Ya kai Disamba ba makara ta uku. Ranar Alhamis ya sa hannu a takardunsa na fansho, Juma'a ta zama ranar da zai je ya kwaso takalman aikinsa ya yi sallama kawai.

A motarmu in tsohon fasinja zai yi tafiyarsa ta ƙarshe, akan yi masa 'yar walima a hanya. An yi wa Tano, an yi wa wasu. Doña Nélida ce ta shirya ta Cipriano. Ta sayo burodin zaƙi cike da tire, mai madara da mai garin sukari a kai, jikokinta suka rubuta MUN GODE DON CIPRIANO a jikin kwali. Barrios ma ya kawo lemo kwalba biyu. Ni aka ba tire, wai ni ba na gaggawa, ba zan zubar ba.

Muka sauko daga gada, ba shi a kan layi. Wani ya ce ko yana ciki. Ba ya ciki. Wani ya ce ai ya gama tun jiya, me zai fito yi. Aka turo ni gaba saboda kar a matse burodi, wata ta manna mini katina, na je na zauna a tagata tire a kan cinya. Kowa ya shiga, kowa ya biya. Matakala wayam.

Sai na hango shi a saman gada. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya taje kai. Ashe cikin jirginmu ya zo, a taragon ƙarshe, inda ba wanda zai gan shi. Ya tsaya jim yana kallon motar, sannan ya kama ƙarfe ya fara saukowa. Ba ya sauri. Makara ba za ta iya yi masa komai ba yanzu.

Na ce, "Ga shi can." Sai da na maimaita aka ji. Kowa ya juya.

Lautaro ya dubi allonsa, ya dube mu ta madubi. "Ni yau zan tsaya, su cire abin da za su cire. Amma yadda yake tafiyar nan zai ci minti huɗu ko biyar. Jirgin Soria kuma ku kuka sani. Ku faɗa."

Ba wanda ya faɗa. Injin yana ta kaɗawa. Barrios ya gyara taye, ya yi gyaran murya, ya ce shi dai yau ake rufe mako a banki. Wani ya ce Juma'a ce, shingen dogo yakan daɗe. Mai riƙe da kwali ya sauke shi a hankali ya jingina da kujera, rubutun yana kallon ciki.

Doña Nélida ta ce, "Yara ɗari biyu ke jiran karin kumallo a hannuna." Ta kalli tiren da ke cinyata. "Sai a kai masa nasa gida. Ai ya fi ma daraja, a gida."

Abin da ake bukata kawai mutum ɗaya ya tashi ya sauka, ya ɗora ƙafa. Ni tire yana kan cinyata. Na daɗe ina gaya wa kaina tiren ne ya hana ni.

Lautaro ya jira wani ya ce a tsaya. Da bai ji ba, ya rufe ƙofa.

Mun isa Empalme Soria a kan kari. Ranar kuwa jirgin ya makara minti goma sha ɗaya. A kan dandamali aka buɗe tiren, tun da burodi ba ya kwana, aka ci a tsaye ba mai kallon wani. Barrios ya ci uku.

Ranar Lahadi na shiga jirgi na je gidansa. Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin inabi, ƙafar a kan bokiti. Delfina ta gaishe ni a taƙaice ta shige ciki. Ya zuba ruwa a ƙoƙon mate ya miƙo mini, muka sha zagaye biyu.

Can ya ce, "Daga sama ana ganin cikin motar tsaf, Bebe. Ban taɓa sani ba. Kullum a guje nake wucewa, daga baya kuma cikin duhu."

Na ce, "An yi maka kwali."

"Na gani. Na ga lokacin da aka sauke shi."

Na ce Lautaro ya so ya tsaya.

"Na ga ya daɗe bai rufe ba. Yaron kirki ne." Ya tsotsi mate har ya yi ƙara. "Ni ba burodi na je ci ba, likita ya hana ni zaƙi. Cewa na yi bari in gani sau ɗaya, yanzu da ba abin da zan rasa."

"Ka yafe mini, Cipriano."

"Na duba tagarka. Ba ka ɗaga hula ba."

"Ban ɗaga ba. Ai ba ka sauko ba."

Ya gyaɗa kai. "To. Ko wannan."

Da na dafa tebur zan tashi, sai na ji bai girgiɗa ba, alhali na san shi da rawa tun da. Na leƙa ƙasa. Kwandalar nan ce da jirgi ya taka, ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin.

Ya ga ina kallo, ya ce, "Nan dai tana riƙe wani abu."

Na ƙara shekara biyu ina shiga motar kafin nawa lokacin ya yi. Shida da biyar daidai take tashi yanzu, allon Lautaro bai sake yin ja ba. A shekarar ƙarshe gwiwata ta fara ciwo, sai na koma jirgin biyar da minti biyar. Ban tambayi kowa komai ba.